Tuwon Girma, Miyarsa Wake

Mu uku ne muke girki a gidanmu, faccaloli, matan wa da ƙannensa biyu, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan na Sabo. Tukunya ɗaya muke ɗorawa, kowace da ranar girkinta, kuma bakin da ke jiran tukunyar ya kai ashirin da ɗaya idan an haɗa da almajirai biyu da Gwaggo, ƙanwar mahaifin mazajenmu, wadda ita ce tsohuwar gidan. Mun daɗe muna shawara ko mu ba da wannan labari ko mu bar wa cikinmu, tunda magana ce ta rufin asiri. Abin da ya sa muka yarda a buga shi, mun lura ba mu kaɗai ba ne. A wajen suna, a wajen markaɗe, a layin ɗiban ruwa, kowace mace ka zungura sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Ke dai bari, nama ya fi ƙarfinmu.” Amma idan ta koma gida, tana ɓoye tukunyarta kamar ta dafa haram.

Kowa ya san Sabo da nama. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, shanu da goro ne suka riƙe ta: shanu su gangaro daga Arewa, a ƙafa ko a jirgin ƙasa, goro kuma ya haura. Fataucin shanu ne ya kawo kakan mazajenmu Badun. Yau babban cikinsu dillali ne a kara ta Akinyele, na tsakiya yana da tukubar tsire, ƙaramin kuma yana tare da 'yan canji. To a irin wannan gida, wa zai yarda an kwana uku ba a ga tsoka a miya ba? Mun tashi muna jin ana cewa tuwon girma miyarsa nama, muka ɗauki karin maganar kamar farilla.

Mun fara ɗanɗana tsada a 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, lokacin da aka tsayar da motocin abinci da na shanu daga Arewa. Amma wancan na 'yan kwanaki ne, ya wuce. Wanda ya zo ya zauna shi ne na bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023. Kuɗin motar da ke ɗauko saniya daga Arewa ya tashi, saniya ta tashi, ciniki ya ja baya. Dillali sai ya wuni a kara bai sayar da ko ɗan maraƙi ba. Mai tsire kuwa ba ya cin jarinsa. Abin da ya rage da dare, da shi zai fara gobe.

Mu kuma a cikin gida ba mu rage komai ba. Muna da mahaucin da muka saba da shi shekara da shekaru, yana da littafin da yake rubuta mu. Kullum sai mu aika yaro: a ba da rabin kilo, a rubuta. Rabin kilo ga mutum ashirin da ɗaya, ka san ba ci ake yi ba, gani ake yi. Daga baya muka koma ƙashi da ganda, don dai in an ɗaga murfi a ga wani abu yana yawo a sama. Ana haka har wata safiya mahaucin ya aiko yaronsa. Bai yi rashin kunya ba, bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a zaure ya faɗi jimillar kuɗin, a gaban 'ya'yanmu da ke shirin makaranta da wata maƙwabciya da ta shigo aron turmi. Mutumin yana da gaskiyarsa, shi ma bashi ya karɓo saniyar. Amma ranar babu wadda ta iya haɗa ido da 'yar'uwarta a cikinmu.

Da dare aka zauna, maza da mata, a ɗakin Gwaggo. Babban yaya ya ce za a riƙa biyan bashin kaɗan kaɗan duk mako, kuma daga ranar an rufe littafi. Nama sai ranar Juma'a, shi ma da kuɗi a hannu. In babu, a haƙura. Ƙaramar cikinmu ta ce, “To Yaya, sauran kwana shidan me za mu dafa?” Bai ba ta amsa ba, don shi ma bai sani ba.

Makonnin farko sun yi mana wuya, kuma laifinmu ne. Miyar da muka saba ita muka ci gaba da yi: a markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu, a soya, a tsuga ruwa, a watsa dunƙulen Maggi huɗu ko biyar. Da can romon nama ne ke ɗaure ta. Da aka cire shi sai ga jan ruwa tsululu, mai a sama, gishiri a ƙasa. Yara su tsoma loma biyu su tashi. Mazan su ci shiru, can anjima mu ji sun aika a sayo musu shayi da burodi a bakin titi, kuɗin da ake son a tara ya tafi ta wata ƙofa. Wani yaronmu ɗan shekara shida ya leƙa kwano wata rana ya ce da ƙarfi, “Umma, yau ma miyar marasa lafiya ce?”

Gwaggo ta ji shi. Washegari da hantsi ta sa aka fito mata da kujera 'yar tsuguno ta zauna a bakin murhu, abin da rabonta da shi ya fi shekara goma. Ta ce, “Ku 'yan nan, ba nama ne ya ƙare muku ba, girki ne ba ku iya ba. Nama ya daɗe yana rufa muku asiri.” Maganar ta yi mana zafi, don kowace a cikinmu tana ganin kanta gwana. Ta ce a ƙauyensu na ƙasar Katsina, tana budurwa, nama sai ranar kasuwa in an dace, sai suna, sai sallah. Amma maza suna wuni a gona da fartanya, mata suna daka da surfe, kuma babu wanda ya kira abincin gidan miyar marasa lafiya.

Abu na farko da ta koya mana shi ne daddawa. Mun san ta mana, amma mun mayar da ita 'yar rakiya, ɗan ɓalli a jefa a miyar kuka. Gwaggo ta sa muka daka ta da yawa tare da busasshiyar citta da masoro da 'yar kimba da kanumfari biyu ko uku, har ta zama gari. Ta ce a yanka albasa manya biyu, ba rabi ba, a soya a wuta kaɗan kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi, kada a bari ta ƙone. Sannan a zuba garin daddawar a cikin man ya ɗan soyu kafin jajjage ya shiga. Jajjagen ma a bar shi ya soyu har ruwansa ya ƙafe, mai ya taso, tsamin tumatir ya mutu. Ƙamshin da ya tashi a gidan ranar, sai da mai tsiren gidan ya leƙo ya tambaya ko an yi baƙi. Ashe ɗanɗanon nan mai nauyi da muke nema a romo, yana nan a cikin kalwar da aka dafa aka rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa. Daga ranar dunƙulen Maggi ya koma ɗaya ko biyu a tukunya.

Na biyu, jikin miya. Miya in ba ta da kauri ba ta kama tuwo, kuma ba ta zama a ciki. Nan ne gyaɗa da wake da kabewa da agushi suka shigo. Miyar taushe ce ta fara sasanta mu da yaran. A fere kabewa a yanka, a dafa da ruwa kaɗan har ta yi lugub, a murje ta da ludayi. A haɗa ta da soyayyen jajjagen nan mai daddawa. A dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa kamar gwangwani biyu da ruwan ɗumi a zuba, a rage wuta, a riƙa juyawa don gyaɗa tana saurin kamu a gindin tukunya. Idan mai ya fara tasowa an san gyaɗa ta dahu. Alayyahu da yakuwa su ne na ƙarshe, minti biyar a sauke. Yakuwar kaɗan ake sa wa, aikinta ta karya zaƙin kabewa; in ta yi yawa ta ƙwace miyar gaba ɗaya. Da tuwon shinkafa ko masa, babu wanda ya sake neman shayin bakin titi.

Na uku, abin taunawa. Haƙori ya saba ya ci karo da wani abu a miya, kuma wannan ne yara suka fi nema. Matar na tsakiya dama tana yin awara ta sayarwa jefi jefi, sai muka mayar da ita ta gida. A jiƙa waken suya, a kai markaɗe, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a juye a ƙyalle a ɗora dutse ta tsane. Mun gano cewa in aka matse ta sosai, aka yanka ƙanana, aka soya har bayanta ya yi ƙarfi, sannan aka jefa a miya minti goma kafin a sauke, tana shan romon miyar ba tare da ta farfashe ba. Haka agushi: in aka kwaɓa shi da 'yar albasa da ruwa kaɗan, aka riƙa ɗiba da cokali ana sakawa a miya mai tafasa, aka ƙyale shi ba a juya ba na ɗan lokaci, sai ya yi curi curi. Yalo da gauta ma suna da nasu wurin, musamman a miyar gyaɗa.

Wake kuwa shi ne ya zama uban tafiya. Matsalarsa ɗaya, cin wuta. Da gas ɗin da gawayin duk sun yi tsada, ba za ka tsere wa kuɗin mahauci ka faɗa na mai gawayi ba. Da mun saba mu danna masa kanwa don ya yi saurin dahuwa. Ɗiyarmu da ke karatun jinya ta ce kanwa in ta yi yawa tana lalata wasu sinadaran amfani da ke cikin waken, ga ta da ɓata ciki. Yanzu tun bayan isha'i muke jiƙa kongo guda, da safe mu zubar da ruwan mu ɗora da sabo da albasa. Yana dahuwa da wuri, kuma kumburin ciki ya ragu. Mun kuma koyi cewa ba a zuba tumatir sai waken ya yi laushi, don tsami yana sa shi ya ƙi dahuwa. Bayan ya dahu sai jajjage da manja da daddawa su shiga, a yanka doya ko dankalin Hausa, a bar shi ya yi kauri, a watsa alayyahu ko zogale a sauke. Faten waken nan in aka ci shi da rana, babu mai neman komai sai bayan magariba.

Wata rana yaranmu 'yan sakandare suka zo da waya suna nuna mana wani abinci da suka ce ana kiransa cili, wai na mutanen Teksas ne a Amurka. Asalinsa nama ne da barkono, amma akwai masu yin sa da wake da tumatir da albasa kawai, ba nama, kuma a can ba a ɗauke shi abincin talaka ba. Gwaggo ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta ta ƙura mata ido, ta ce, “Wannan ai faten wake ne aka hana shi manja.” Muka yi ta dariya. Amma mun ɗauki abu ɗaya a wurinsu: jajayen wake manya da gasa tattasai a kan wuta kafin a jajjaga. Ƙaurin gashin nan yana ba fate wani ɗanɗano kamar an sa banda. Yaran kuwa tun da suka ji sunan Amurka suka daina yi wa wake kallon raini.

Maƙwabtanmu Yarabawa ma sun zama malamanmu. Mun shekara muna cin amala da abula a buka, ba mu taɓa tsayawa mun lura cewa miyun biyu da ke kwanon, gbegiri da ewedu, babu mai buƙatar nama a cikinsu ba. Gbegiri miyar wake ce da aka surfe aka cire ɓawo, aka dafa ya narke, aka burge, aka sa manja da iru da yaji. Ewedu kuma lalonmu ne. Iru ɗin ma kalwa ce, sai dai tasu ɗanya ce mai laima, tamu kuma an daka an shanya ta bushe. Wata Iya da ke sayar da ganye kusa da mu ita ta nuna mana yadda suke burge wake da ɗan guntun tsintsiyar nan da suke kira ijabe. Mu da maburgi muke yi, kuma aikin ɗaya ne. Ranar da daddawar Arewa ta yanke mana, iru muke saye mu soya shi sosai. Sai dai a yi hattara da daminar Kurmi, mai tsawo ce ga laima. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da muke saye a Bodija ko ake aiko mana daga gida, in ba a zuba su a kwalba mai murfi ana shanyawa duk ranar da rana ta fito ba, cikin 'yan makonni sun yi fumfuna.

Jarrabawar gaske ta zo ne da aka ce dangin mijin da babbar ɗiyarmu za ta aura suna tafe daga Katsina, mata huɗu, za su kwana biyu. Ranar Talata za su iso. Bashin mahauci saura kaɗan a gama, kuma kuɗin da ke hannu na kayan ɗaki ne. Mu ukun muka haɗa baki cewa wannan karon dole a buɗe littafi, ko da kaji biyu ne da kilo biyu. Surukai ne fa, kuma gidan dillalin shanu za su sauka. Muka je wa Gwaggo da maganar don ta shawo mana kan mazan. Ta ce, “Ranar farko a yanka musu zakaran nan na bayan gida, haƙƙin baƙo ne. Rana ta biyu su ci abin da muke ci. Yarinyar nan gidansu za ta zauna, gara su san gidan da ta fito.” Muka ce, “Gwaggo, za a yi da mu.” Ta ce, “Da an yi da ku a Katsina da a aiko yaro zaure, wanne kuka zaɓa?”

Rana ta biyu muka yi tuwon shinkafa da taushe mai awara, da dare kuma tuwon dawa da miyar kuka da aka daka wa wake a ciki. Muna leƙe ta labule lokacin da babbar cikinsu ta sa ludayi ta juya miyar sau biyu, ta ɗago, ta sake juyawa. Ba ta ce komai ba. Suka ci, aka fito da kwanuka babu saura. Da za su tafi ta tambayi wadda ta haɗa daddawar, ta ce a ɗaure mata kaɗan. Ba za mu ɓoye muku sauran ba: bayan mako biyu magana ta dawo mana cewa ɗaya daga cikinsu ta ce ta je gidan masu shanu an ba ta awara. Ta yi mana ciwo, har ɗayarmu ta yi kuka. Amma an ɗaura aure a ranar da aka sa, an kai yarinya da kayanta cif, kuma babu wanda ke bin gidan nan ko sisi.

Akwai wani abu da ba mu zata ba. Da can rabon nama shi ne wurin da zuciya ke ɓaci a gidan nan. Tsoka ta maigida ce, mai bi mata ta baƙo, yara su samu ɗan guntu gwargwadon shekaru, mai girki ta tsotsi ƙashi, almajiri kuwa romo. Sau nawa aka kwana ba a magana don wata ta ga kamar an fifita ɗan wata a kan nata? Faten wake ba shi da tsoka. Ludayin da aka zuba wa Alhaji shi ake zuba wa almajiri, kuma a karon farko mu masu girkin muna cin daidai abin da muka dafa.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Ba mu haramta wa kanmu abin da Allah ya halatta ba, kuma abincin mazajenmu a jikin saniya yake. Muna addu'a kasuwa ta buɗe. Ranar Juma'a muna cin namanmu, da sallah mu yi layya in an samu iko. Ɗiyar tamu mai karatun jinya ta kuma ja mana kunne cewa akwai sinadarin da ake kira B12 wanda jiki ba ya samu daga ganye da wake, sai daga nama, kifi, ƙwai ko nono. Saboda haka ƙananan yara da mai ciki da mai shayarwa muna ƙoƙarin su samu ƙwai ko nono ko ɗan kifi a tsakiyar mako. Ta ce tuwo da wake in suka haɗu suna cika wa juna abin da ɗaya ya rasa na gina jiki, kuma a daina kora abinci da shayi nan take, don yana rage amfanin da jini ke samu daga wake da ganye. Wannan na ƙarshen har yau ana fama da mazan a kansa.

Abin da muke roƙon 'yan'uwanmu matan Sabo shi ne a daina ɓoye tukunya. In maƙwabciya ta shigo kina tuƙa tuwo da miyar zogale da gyaɗa, ki ɗaga murfi ki zuba mata ta ɗanɗana. Wadda take da tsohuwa a gida ta zaunar da ita a bakin murhu tun tana da ƙarfin nunawa, don yawancin abin da suka sani ba a rubuce yake ba. Gwaggo yanzu idonta ya yi rauni, ba ta iya fitowa tsakar gida kullum, amma daga ɗaki take jin ƙamshi ta ɗaga murya ta ce albasar ba ta soyu ba tukuna. Mu duba, mu tarar da gaskiyarta.

Mahaucinmu kuwa muna nan da shi lafiya lau. Ranar Juma'ar da ta wuce yaro ya je da kuɗi a hannu, ya auna masa, har ya ƙara masa 'yar tsoka a kai ya ce a gai da Gwaggo. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, ya sa wa tukwanenmu albarka.